Ɓarawon Kajin da Ya Faɗo daga Sama

Da yayata da ke aure a Ungogo ta haihu, na so in je suna da 'yata, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. Surukata, Inna, ta ce sai dai in je ni kaɗai. Wai mutanen Ungogo ba su san ciwon kowa ba, za su bar mata jika ta fita titi. Hujjarta wani mai adaidaita ne ɗan can, da ya taɓa bi ta kan barkonon da ta shanya a bakin hanya, ko waiwaye bai yi ba. Yarinya kuwa tana shan nono, yaya zan bar ta? Musu da Inna kuma ban iya ba.

Ana jibi suna muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ni da Inna da faccalata, matar wan mijina. Faccalata ta jingina wayarta da turmi, ta kunna fim mai fassara da aka tura mata a shagon caji. Wani mahaluki ne ya faɗo daga wata duniya, kore shar, kai kamar tulu. Tun da ya sauka yake satar kajin mutane yana haɗiye su da gashinsu. Mai fassara yana ta cewa duk 'yan duniyar tasu haka suke, ɓarayi ne.

Inna ta dubi wayar. "Kai malam, ka je garin nasu ne?"

"Inna, ba ya jin ki fa," in ji faccalata.

"Ya ji ko kar ya ji. Guda ɗaya muka gani. Wa ya sani ko shi ne lalataccen gidansu, uwarsa tana can tana kuka? Ƙila suna da limaminsu, suna da masu noman gero."

"Koren gero, Inna?"

"Allah ya shirye ki."

Idona a cikin kwano, na ce a hankali, "Inna, mai adaidaitan nan ma guda ɗaya ne."

Faccalata ta toshe baki da ɗankwali, kafaɗunta suna rawa. A wayar kuma wani ƙaton jirgi ya sauko da danginsa, ƙofa ta fara buɗewa, sai caji ya ƙare.

"To ga shi nan, ba mu ga sauran ba," in ji Inna. Ta juyo kaina. "Ke kuma ɓara kike ko surutu?"

Ranar suna da safe Inna ta ƙulla mini gyaɗa da kuka in kai wa mai jego. "Goyo za ki yi har cikin gida, kar ki sauke ta a titi. Kuma ki duba mini mutanen da kyau."

Na duba kuwa. Wata tsohuwa na gani ta shanya barkono a bakin titi, tana zaune da sanda tana gadinsa. Da na dawo na gaya wa Inna, sai ta gyaɗa kai.

"Ashe suna da masu hankali."