Shingen Lallen Inna

Shekarun baya, lokacin ina tuƙa motar wani ofis a Kazaure, na kusa kashe shingen lallen mahaifiyata. Ba da mugunta ba. Da niyyar gyara na yi, da kuma wani ƙaton almakashi.

Gidanmu na Roni katanga ce ta kewaye shi, ban da ɓangaren yamma inda ɗan lambun Inna yake. Nan shingen lalle ne, ita ta dasa shi tun ina goye, shi ne kuma yake tare awaki daga yakuwarta da kuɓewarta. Matan unguwa sun mai da shi nasu. Da biki ko suna ya taso sai ka ji sallama, mace ta shigo ta gaida Inna, a taɓa hira, sannan ta zagaya ta zura hannu can ciki ta karyo rassa ta tafi. Saboda haka shingen bai taɓa yin kyan gani ba. Nan tudu, can rami, kamar kan da aka yi wa aski da dakusasshiyar aska.

Ni kuwa kullum in na ajiye mota a bakin ofis sai in tsaya ina kallon shingen da ke can, an aske shi sumul kamar akwati. Raina ya biya. Na sayi almakashin nan mai dogon hannu, na ɗaure a bayan babur na kai gida, na yi yini guda ina aski. Da na gama, wani abokina da muka taso tare ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Direba, ashe gidanku ya zama sakatariya. Saura a kafa tuta."

Wallahi a lokacin yabo na ɗauke shi.

Ba a yi mako ba na tarar da rami a tsakiyar aikina, wata ta karyi lallen suna. Na shiga wajen Inna ina huci.

"Inna, don Allah a gaya wa matan nan su daina. Suna ɓata min layi."

"Layinka ko lallena?"

"Ai gyara nake miki."

Ta ce, "To, ai kai ne babba a gidan yanzu." Na ɗauka izini ne ta ba ni. Na sa mai ɗakina ta sanar, matan kuma suka ɗauke ƙafa. Duk ƙarshen mako in na dawo sai in bi saman shingen da gefensa in share duk ganyen da ya leƙo. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce, shingen kore shar, har masu acaɓa suna kwatancen gidanmu da shi.

Wata rana da rani muka wayi gari akuya tana tsakiyar lambu, ta cinye yakuwar tas. Na zagaya ina neman inda ta shiga, ban ga kafa ba. Sai da na durƙusa. Ƙasan shingen babu ganye ko ɗaya, sai tsirarun sanduna. Na tura hannu ciki, rassan suka riƙa karyewa ƙas-ƙas a hannuna, busassu, ga wasu fararen ƙwari kamar auduga sun manne musu, ga gara ta fara hawa. Koren da nake alfahari da shi bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Duk abin da ke bayansa ya mutu ko yana shirin mutuwa.

A lokacin idon Inna ya yi rauni, sai na riƙo hannunta na kawo ta. Ta lalluba ciki, ta murza wani reshe ya zama gari.

"Ka toshe shi," in ji ta. "Rana ba ta shiga, iska ba ta shiga. Matan nan da kake kora, duk inda suka karya daga ciki haske yake samu, sabo ya fito. Kai kuwa gashin kansa kawai kake yankewa." Ta kakkaɓe hannunta. "Da na so jikokina su ƙunsa daga jikinsa."

Wannan "da" ɗin shi ya hana ni cin tuwo ranar.

Na tambaye ta ko akwai dabara. Ta ce a sare shi har gwiwa kafin ruwa ya sauka, in da sauran rai a saiwar zai nuna. Na je wajen abokina neman shawara, ya ce, "Sare kawai. In ya mutu ka ce mata umarni ne daga sama." Amma washegari shi ya zo da addarsa wasasshiya muka yi aikin tare. Busassun rassan masu ƙwari muka kai bayan gari muka ƙone. Muka sassauta ƙasar gindin, muka zuba ruɓaɓɓen takin awaki da toka, muka kewaye wurin da ƙaya. Ruwa kuma da safe nake zubawa a gindi, daidai yadda ƙasa za ta jiƙe, ba na bari ya kwanta.

Wurin ya koma kututture a jere. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Sannu da aiki, Malam," da irin muryar da ake yin ta'aziyya. Ruwan sama kuma ya yi jinkiri a shekarar. Kullum in na shiga gaida Inna tambayarta ɗaya ce.

"Ya motsa?"

"Tukuna, Inna."

"To."

Bayan ruwan shuka da 'yan kwanaki na ga wasu ƙananan tsiro jajaye-jajaye a jikin wani kututture. Na duba na kusa da shi, shi ma haka. Da girmana na shiga gida da gudu har takalmi ɗaya ya fita. Na kusurwar kudu dai ba su tashi ba, sai daga baya muka yanko rassa daga masu rai muka cike gurbin.

Da shingen ya kai ƙugu Inna ta ce in je da bakina in gaya wa matan su dawo. Na bi gida-gida. Wata dattijuwa ta leƙo daga zaure ta ce, "Au, an buɗe? Mu da aka ce sai mun kawo takarda daga ofis." Na ce Hajiya a yi haƙuri. Ta ce ta haƙura, amma ita za ta fara karya.

Damina ta gaba, wata safiya ina zaune kusa da Inna a tsakar gida, sai ta ɗaga kai ta ja numfashi.

"Ya yi fure."

Na fita na duba. Ga su nan, ƙanana farare a kan rassan, ƙamshi ya cika lambun. Sai a lokacin na lura duk tsawon askina bai yi fure ko sau ɗaya ba, domin kan reshen da zai fitar da shi nake yankewa. Ni mai ido ban lura ba. Ita ta sani, ta yi shiru.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Shingen yana nan, ya fi ni tsawo, kuma har yau in wani ya ce nasa yana rawaya ko yana zubar da ganye, abin da nake ce masa shi ne ya durƙusa ya leƙa ciki kafin ya sayi magani. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda saiwar ta jira ni. Na yi shekaru ina cutar da ita, amma da na ba ta haske da ɗan taki sai ta taso, ba ta riƙe ni da komai ba. Shi ya sa yanzu ba na saurin cewa abu ya lalace, ko shuka ne ko mutum. Sai an sare an jira ruwa tukuna.