Ƙafa Huɗu a Saitin Hancina

Rufin ɗakin Hajiya, kakata, kankare ne da marigayi kakanmu ya zuba tun Babana bai fara tafiya ba. A gidanmu na Soron Ɗinki ana girmama rufin nan kamar wani dattijo. Ni kuwa a ƙarƙashinsa nake kwana, katifata a gefen gadon Hajiya, don haka na fi kowa sanin fuskarsa.

Bara, da ruwan famfo ya ƙara yi mana yaji, Baffa, yayan Babana, ya sayo tanki. Girmansa sai ka rantse liman zai iya jan sahu biyu a ciki. Aka yi masa maɗori na ƙarfe mai ƙafa huɗu, kowace ƙafa ba ta wuce kaurin muciya ba, aka dasa shi a tsakiyar rufin, daidai saitin hancina. Kwana uku da cika shi na tsinci yashi a kokona. Na ɗaga kai, sai ga tsaga siririya kamar zare.

Matsalar ita ce an san ni da ƙari. Ni ce na taɓa cewa ɓeran kicin ɗinmu ya kai ɗan akuya. Da na nuna wa Hajiya tsagar, sai ta ce, "Ke da idonki ke ganin raƙumi a cikin kwalba? Sha kokonki."

Na samu Baffa a zaure, na durƙusa na faɗa masa.

"Ranar bikin goggonki mata sun fi hamsin a saman nan," in ji shi, "har da masu kiɗan ƙwarya. Ko tari rufin bai yi ba. Tashi ki ba ni wuri."

Ba a jayayya da Baffa. Amma a makaranta an koya mana cewa nauyi in ya taru a ɗan wuri ya fi ɓarna, kuma kaina ne da na Hajiya a ƙasa. Na ƙudurta sai tankin nan ya sauka.

Wanda ya ƙera maɗorin ɗan goggona ne, mai walda, ƙato mai gemu. Taubashina ne, abokin wasa, duk abin da na yi masa ba mai shiga. Ranar Juma'a bayan masallaci, suna zaune a tsakar gida da Baffa suna jiran abinci, na zo ba takalmi na hau kan ƙafarsa da duk nauyina.

"Baffa, a riƙa ba yarinyar nan tuwo," ya ce yana dariya. "Na zaci fara ce ta sauka."

Na koma ɗaki na sako takalmina na biki mai tsini, na dawo na ɗora masa dunduniya ɗaya a kan ƙafar tasa. Ƙarar da ya yi, na tabbata an ji ta a Ƙofar Dawanau.

"Ni ce dai ta ɗazu, Baffa," na ce, idona a ƙasa. "Ko loma ban ƙara ba. Matan biki bajewa suka yi a tabarma, kuma da yamma suka tafi gidajensu. Tanki tsini huɗu gare shi, kuma ba ya zuwa ko'ina."

Baffa ya daɗe yana kallon takalmin. Hajiya ce ta yi magana daga bakin ƙofa: "A kira magini ya duba. In ƙarya take, ita za ta yi wanke-wanken wata guda."

Maginin ya zo da la'asar, ya taka kujera ya ƙwanƙwasa rufin da guduma. Kusa da bango sautin a cike yake. A tsakiya kuwa sai ya yi kamar an buga ƙwarya. Ya ƙara bugu ɗaya, ɓangaren siminti kamar faifai ya faɗo kan katifata. Rodin da ke ciki duk tsatsa ta cinye shi, yana marmashewa kamar ƙuli-ƙuli.

"Alhaji, a juye ruwan nan yau," ya ce. "Kada a bari sai gobe."

Muka fito da bokitai, da baho, da tukwanen biki, har maƙwabta suka samu rabo. Kafin magariba tankin ya sauko ƙasa, aka ɗora shi kan bulo a gefen kicin. Magini ya tokare rufinmu da katako biyu kafin a yi gyara. Hajiya ta ce sun tsaya mata a ɗaki kamar baƙin da ba su san sallama ba. Ni dai na buga ƙusa a jikin ɗaya, a nan nake rataye hijabina.