Baba Idirisu, Wanda Ya Ceci Kukokin Maigidana

A da, kullum da an fito sallar asuba za ka tarar da Baba Idirisu a lambun renon itatuwa da ke bayan Limawa, a tsugune yana ba ledojin dashe ruwa. Bana ya ajiye aikin, gwiwa ta ƙi. Ni ban yi karatu mai nisa ba, abin da idona ya gani zan faɗa.

Da ganye yake gane itace tun yana tsiro. Ya ce darbejiya bakin ganyenta haƙoran zarto ne, kalgo kuwa sawun raƙumi. Maƙwabciyata Huseina ta taɓa kai masa wani tsiro mai dogon ganye tana murna wai mangwaro. Ya murza, ya shinshina, ya ce, "Hajiya, itacen turare ne. In mangwaro kike jira a jikinsa, ki nemi kujera."

Maigidana, baban Hamida, a wurinsa ya karɓo irin kuka ya binne a gefen gonarmu ta Kiyawa. Allah ya karɓi ransa bai ga ruwan farko ba. Da na fita takaba na je gonar ina neman ganye mai yatsu kamar tafin hannu. Babu. Sai wasu tsirrai masu ganye ɗaya-ɗaya. Na ce shi ke nan, shukarsa ta ƙarshe ma ta bi shi. Na ɗaga fartanya ke nan, ashe Baba ya hawo babur ya zo duba irin da ya bayar.

"Ke Maman Hamida, ajiye! Kin taɓa ganin jariri da haƙora?"

"Baba, ai ciyawa ce."

"Kuka ce. Sai ta yi ƙwari take raba ganye."

Na durƙusa a wurin, hawaye ya ƙi tsayawa.

Daminar bana duk sun buɗe yatsu! Na tsinko, na shanya, na daka. Hamida ta sha miyar shukar babanta har da ƙari.

Baba, kai ne idon da ya tsare mana abin da marigayi ya bari. Na gode, Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya saka maka da Aljanna. Ku kuma jama'a, yana nan ƙofar gidansa kan tabarma. Ku tsinko ganye ku je ku koya, kada wata ta sare abin da mijinta ya bar mata.