Malama, Ba Laifin Na'ura Ba Ne

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Da hantsin Lahadi, tara ga watan Maris, mijinki ya kira ni ya ce kin rasu, bayan jinyar kwana uku kacal. Har yau na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ɗakin na'urori, in fito, in zagaya gindin ƙaton faifan nan namu mai sauraron sararin samaniya, in sake komawa.

Malama, shekara goma sha ɗaya kina auna siginar rediyo da ke zuwa daga wani gawurtaccen baƙin rami na sararin samaniya, mai haɗiye har haske, a tsakiyar gungun taurari mai nisa. Kin ce ƙarfinta yana hawa da sauka, kuma akwai tsari a ciki. Muka laƙaba miki Uwar Rami. Duk ranar da layin siginar ya cilla sama a allon kwamfuta, sai ki leƙo ki ce, "Ku zo ku gani, yau ɗana da rigima ya tashi."

Ni ne injiniyan da ke kula da na'urar. Lokacin da matata ta haifi bakwaini, kin kore ni zuwa asibiti, kika riƙe aikina mako uku. Da kanki kika riƙa hawa tsani kina kankare kashin tsuntsaye daga faifan, ga ciwon gwiwa. Amma ni ne na miƙe a taron bara, a gaban baƙi, na ce wannan hawa da sauka zafin rana ne kawai ke taɓa wayoyi. Ba ki ɗaga murya ba. Kika ce, "Ƙanena, je ka tabbatar. In kai ke da gaskiya, ni zan fara sa hannu."

Wata biyar ina canza wayoyi, ina sanyaya akwatin karɓar sigina, ina maimaita gwaji. Ranar Laraba sakamako ya fito. Na'ura lafiyarta ƙalau, hawa da saukar daga ramin ne. Na zo har ƙofar ofishinki da takardar a hannu, na ji kina tari, kunya ta riƙe mini ƙafa, na ce bari sai Litinin. Washegari aka kwantar da ke a asibiti.

Jiya na kai wa mijinki takardar. Ya jujjuya ta, ya ce, "Injiniya, kwantar da hankalinka, ta yafe wa kowa tun a gadon asibiti." Na yi godiya, amma daga bakina ya kamata ki ji. A taro mai zuwa zan miƙe in faɗi cewa ni na yi kuskure.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa iliminki ya zame miki sadaka mai gudana. Ya bai wa mijinki, 'ya'yanki mata biyu da ɗalibanki haƙurin rashi. Ni kuma Ya yafe mini jinkirina. Amin.