Aiki na Huɗu

Lokacin da nake ba da labarinsa babu Arlit. Garin nan da nake zaune yau fili ne na baƙar tsakuwa, ko akuya ba ta tsayawa. Nasara ke mulki, shekarunsu na ƙarshe, kuma wasu daga cikinsu sun kafa tantuna a dajin da ke tsakanin Agadez da nan, suna yawo da wani ƙarfe mai ƙara suna ɗora shi a kan duwatsu. Ni wanki nake musu. Na haura talatin, aurena ya mutu, yayana ya samo mini aikin, na hau kamyo, babbar motar kaya, ban tambayi ranar dawowa ba.

Wurin ba shi da katanga, kuma ba ya bukatarta. Duk inda ka duba kwana uku ne a ƙafa kafin rijiya. Kamyo ɗaya ke zuwa daga Agadez, ranar Alhamis bayan kowane mako biyu, ya kawo ruwa da gari da wasiƙun Nasara, ya juya a ranar. Ba ya ɗaukar ma'aikaci sai da takardar babban sansanin.

Kafin in zo na yi shekara ɗaya da rabi a lakwal, makarantar boko ta manya a Agadez, ni kaɗai mace cikin maza, ina zaune can baya da ardwazi, allon nan baƙi na 'yan lakwal. Na iya haɗa baƙaƙe, na iya tarawa da ɗebewa. Mushe, malaminmu, mutum ne marar dariya amma mai gaskiya. Ya ce gidan likita na neman mace guda da ta iya karanta abin da ke jikin kwalba, ta ƙirga ɗigon magani, kuma shi aka ce ya ba da suna bayan sanyi. Da ya ji zan tafi daji sai ya ce zai riƙa aiko mini aiki a kamyo: kaye guda, wato littafin rubutu, aiki goma sha biyu a ciki, in yi in mayar. Ya ce kaye ba shi da yawa, masu jira suna nan. Ranar da na mayar masa da wanda bai kai rabi ba, ya daina, ya ba da sunan wata.

To ka ji. Aiki shida cikin sha biyu, shi ne ƙofar fitata daga dajin nan. Ban da wata.

Na zauna na yi tsari, kuma har yau ba na jin kunyarsa, tsari ne mai kyau. Kwana goma sha huɗu ne tsakanin kamyo da kamyo. Na cire biyu na babban wanki, ranar zannuwan gado da ranar kakin masu haƙa. Saura sha biyu, kowace rana aiki ɗaya. Lokacina bayan azahar ne, sa'ad da kaya ke kan igiya, kafin in hura gawayin guga. Na sami kwalin gwangwani na zana gida goma sha biyu a kai, layi uku, kamar garka. In na gama aiki in ɗora tsakuwa a gidansa.

Na ce kamar garka don ni 'yar garka ce. A kwarin dutse aka haife ni, inda sa ke jan guga ruwa ya bi kwata ya shiga lambu. Aikina tun ina ƙarama shi ne in buɗe bakin fangali, wato gida ɗaya na shuka, in tsaya sai ya cika, in toshe, in buɗe na gaba. Ba a barin fangali da rabin ruwa. Ba a tsallake shi a wuce. Wanda ya yi haka, ubana ba ya magana, ƙasa yake dunƙulawa ya jefe shi. A lakwal ma Mushe aiki ɗaya yake ba mu a ardwazi, sai mun gama ya ba da wani. Ban taɓa ganin aiki sha biyu jere a gabana ba sai ran nan, kuma ba wanda ya gaya mini abin da ake yi in ɗaya ya ƙi.

Na farko, na biyu, na uku, tsakuwa uku cikin kwana uku. Har waƙa nake wajen guga.

Na huɗu lissafi ne. Na yi yini guda kafin in gane abin da Faransancin ke cewa. Wai famfo na zuba lita biyar a minti guda cikin daro, daron kuma yana yoyon lita biyu a minti guda. Minti nawa zai cika lita sittin?

Na karanta wa Inna, tsohuwar Adar da muke wanki tare muke kwana tanti ɗaya. Ba ta iya karatu ba, amma ba ta rasa abin cewa.

"Wane mahaukaci na ka zuba ruwa cikin daro mai huji?" ta ce. "Ki rubuta mishi a toshe."

"Inna, lamba yake so."

"Ki ba shi lamba. Duka lamba ba lamba ba ce?"

Ban ba shi ba. Na tara biyar da biyu, na ga bakwai, na san ƙarya ce, ruwan da ya zube ba ya ƙara daro. Na goge. Washegari na jera tsakuwa sittin a ƙasa ina ɗiba biyar ina mayar da biyu, iska ta taso, na ɓata ƙirga, aka kira ni guga. Rana ta uku na ɗauki tsohon daro mai huji na gwada da ruwan ɗauraya, amma ban da agogo, ban san tsawon minti ba, kuma ban taɓa ganin famfo yana zuba ba sai daga nesa a gidan kumandan. Kuku ya gan ni ya ce in ya ƙara ganin ina wasa da ruwa zai kai ni gaban babba.

Haka kwanaki suka riƙa wucewa. Kwalina na nan da tsakuwa uku. Kullum bayan azahar in buɗe kaye a wuri ɗaya, in rubuta, in goge, har takardar ta yi laushi ta huje. Na daina duban kwalin. Na tura shi ƙarƙashin tabarma, amma ina jin sa in na zauna. Ko sau ɗaya ban juya shafi na ga na biyar ba. Ba wai na yi niyya na fasa ba, a'a, abin bai zo mini a rai ba sam. A wurina na biyar bai wanzu ba sai na huɗu ya cika.

Akwai Nasara biyar a sansanin waɗanda za su amsa shi suna hamma. Wanda nake goge wa riga kullum, kwana goma ina kallon ƙeyarsa. Amma mai wanki ba ta fara yi wa Nasara magana, kuma Mushe ya ce aikina nawa ne.

"Ɗiyata, kin rame," Inna ta ce. "Takardag ga ta fi miji cin rai."

"Miji na bar shi."

"To ki bar wagga."

"In bar ta in tsufa a nan kamar ke?"

Ta ci gaba da matse zane. Na san na yi mata rashin kunya. Ban ba ta haƙuri ba sai bayan kwana biyu.

Ranar Alhamis da hantsi muka ga ƙurar kamyo. Shufer ɗin, mai tuƙa shi, ɗan Damagaram ne, mai baki, ya yi aji uku a lakwal kafin ya gudu ya bi mota. Shi ya kawo mini kayen, kuma tun ran nan Malama yake kirana don tsiya.

"Malama, ina jaridar? Kawo in kai wa Mushe ya sha mamaki."

Na miƙa masa. Ya jingina da tayar mota yana buɗawa. Ya kai shafin da ya huje, ya leƙa ni ta hujin, ya yi dariya. Ya juya gaba, fari. Ya ƙara juyawa, fari. Dariyar ta tsaya.

"Ke, sauran fa?"

"Ban gama na huɗu ba."

"To sai me?"

"Yaya zan yi na biyar ban gama na huɗu ba?"

Ya dube ni kamar na ce masa ban san ana cin tuwo da hannu ba. "Yaya, tsallakewa ake yi. Kowa tsallakewa yake. Ni da tsallake na yi aji uku." Ya ɗora yatsa a shafin. "Dubi na biyar. Ranakun mako ne, ki rubuta su. Na shida watanni. Wannan ko akuyar Inna ta yi shi."

Na karɓe kayen. Ranakun mako. Na iya su tun watan farko. Kwana goma suna zaune bayan takarda guda, ni ina gabanta ina ƙirga tsakuwa.

"Yaushe za ka tashi?"

"Da an sauke ganguna an yi salla. Ba na kwana a hanya saboda ke."

"Ka ba ni zuwa la'asar."

"Motar ta ubana ce?"

Ranar kamyo ranar aiki ce. Ruwa ya zo, kuma babba yana son tawul da rigunan da suka taru a jiƙa nan take. Inna ta ja darona zuwa gabanta. Na tsuguna bayan tanti da kiriyo, fensirina, sabulu bai gama bushewa a hannuna ba. Na rubuta ranakun mako. Na fara watanni, na kai wata na bakwai, sai kuku ya kwaɗa mini kira, babba na tambaya ina mace ta biyu. Na tafi. Na dawo na gama aiki na shida. Yanzu biyar ke hannuna, saura ɗaya. Na bakwai karatu ne mai layi goma da tambayoyi a ƙasa, kuma ni layi ɗaya yakan ci mini lokacin dafa shayi. Ina layi na uku na ji an tada mota.

Na bi ta da gudu. Shufer ya miƙo hannu ta taga.

"Nawa?"

"Biyar."

"Rubuta komi a na huɗu, ko sittin, ko ɗari. Ya zama shida."

Na tsaya da kiriyo a kan hujin. Ban san amsar ba, kuma na san ban sani ba. Na rufe kayen na ba shi haka.

"Kai, Buzuwa da taurin kai," ya ce, ya sa shi cikin riga.

Bayan mako biyu kamyo ya dawo. Ban fita ba, ina kan daro. Shufer ya zo da kansa har igiyar shanya, bai ce Malama ba. Ya ce ya yi wa Mushe bayani, ya nuna masa hujin, Mushe ya saurara har ƙarshe, ya ce biyar ɗin duk daidai ne, amma biyar ba rabi ba ce. Sunan wata ya bayar, matar wani gardi, ɗan sandan Nasara.

"Bai aiko da komi ba?"

"Bai aiko ba."

Na ce to. Na tambaye shi ko ya kawo sabulu, namu ya kusa ƙarewa. Ya ce akwai katan biyu. Na bi shi na ɗauko ɗaya a ka, Inna ta ɗauko ɗaya. Sai da na ƙara sanyi biyu a sansanin nan kafin a kwashe tantuna.