Ranar da Kakana Ya Kai Ƙarar Tsutsa Wajen Waya

Daminar bara tsutsa ta faɗa wa masarar kakana, irin tsutsar da in ka kasa kunne daga titin Gezawa sai ka ji tana tauna. Gonar nan kuwa ita ce tuwon gidanmu na shekara. Na buɗe manhajar nan mai amsa tambaya a wayata, na ce, "Tsoho, faɗa mata damuwarka da bakinka."

"Aljani ne a ciki?"

"Wane aljani! Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar mutum aka kwaikwaya, wannan ta taɓa waccan, waccan ta tashi ta gaba, kamar yadda gulma ke zaga ƙauyen nan. Sannan aka ɗura mata maganganun mutane har ta iya amsawa."

Ya gyara hula, ya yi mata sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali. Ta amsa tsaf. Da ta ce ya gona, sai ya ce, "Alhamdulillahi, sai godiya."

Ta taya shi murna.

"Tsoho, tsutsa! Ka ce mata tsutsa!"

"Ni in tona asirin gonata gaban baƙuwa? Ai ta ji muryata. Kakarka ko tari na yi ta san abin da ke raina." Ya matso da baki. "To, da ɗan abin da ba a rasa ba, amma da sauƙi."

Ta ce madalla, Allah ya ƙara sauƙi.

Ya ture wayar. "Baki gare ta, babu tunani. Halinku ɗaya."

Sai dabara ta faɗo min. "To ba ta labarin gonar maƙwabcinka mana."

Jama'a, nan tsoho ya saki baki! Ganye duk huda, kashin tsutsa kamar dusa a zuciyar kowace shuka, "ga mai gonar rago, sai hantsi yake fitowa." Wayar ta ce a bi shukar da sassafe a tsince, a nemo malamin gona ya faɗi maganin feshi tun tsutsar tana ƙarama.

Muka yi, masara ta tsira.

Ashe maƙwabcin yana bayan dangar kara, komai a kunnensa. Shi kuwa gyaɗa ya shuka, kuma kullum da asuba yake fita. Har yau in an fito daga masallaci sai ya tare kakana gaban jama'a: "Alhaji, ya masarata?"

Sai tsoho ya sunkuyar da kai yana neman takalmi. "Da sauƙi."