Gwiwoyin Inna Ma'u

A unguwar Ƙofar Kaura, idan mace ta rasu, kafin a aika wa liman sai an aika wa Inna Ma'u. Ita ce mai wankan gawar mata. A wurin kakarta ta gaji aikin, ta riƙe shi shekara talatin da ɗoriya ba ta taɓa karɓar ko ƙwaryar goro a kansa ba. Doguwa ce, siririya a wancan lokacin, ba ta da yawan magana. Abin da idonta ya gani a wurin wanka nan take barinsa. Ko mijinta, Allah ya jiƙansa, bai taɓa jin ta ce wance ta rame ko wance tana da tabo ba. Shi ya sa matan unguwa ke ɗan shakkarta, suna kuma ƙaunarta ƙwarai.

Ba ita kaɗai take aikin ba. Aminiyarta Rabi, wadda suka tashi tare tun suna tallar gyaɗa, ita ce mai zuba mata ruwa. A ƙasa ake wankan, bisa tabarma, mai wanka a durƙushe tana juya mamaciya dama da hagu a hankali. Rabi na tsaye a kanta da ƙwarya, ruwan magarya a farko, na kafur a ƙarshe. In an gama an sa likkafani, Ma'u takan miƙa hannun dama sama ba tare da ta waiwaya ba, Rabi ta kama ta ɗago ta. Ba wai ba ta iya tashi ba ne, sabo ne kawai na shekaru. Tun suna da ƙuruciya suka yi wa juna alkawari: duk wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta wanke ta.

Sai shekarun man fetur suka shigo. Wanda bai ga lokacin nan ba, ko an ba shi labari sai ya ce ƙari ake yi. Aka raba wa ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji, masinja ya ajiye keke ya hau babur, kowa na gini. Sani, ɗan Inna Ma'u, wanda da magini ne, ya samu kwangilar kai siminti. Kafin a ce kwabo ya zama Alhaji Sani, ya kama gida a GRA cikin manyan ma'aikata.

Yaron kirki ne, wannan ba a musu. Ya rantse uwarsa ta gama shan wahala a duniya. Ya kai ta Makka, ya ɗauke ta daga gidan ƙasa ya mayar da ita wurinsa. Ba daka, ba jan guga, ba shara. Da safe shayi mai kauri da madarar gwangwani da burodi da bota. Da rana shinkafar waje, miya na iyo da mai, ga kaji. Lemon kwalba kuwa ya maye gurbin ruwan randa. Ko barkar haihuwa za ta je a bayan layi, sai direba Idi ya fito da Fijo. Cikin shekara uku Inna Ma'u ta ninka kanta. Duk wanda ya gan ta sai ya ce, "Masha Allahu Hajiya, hutu ya karɓe ki!" Haka muke dai: mutum na numfashi da ƙyar, mu kuwa muna taya shi murnar ya samu lafiya.

Gwiwoyi ne suka fara kai ƙara. Da fari ɗan tsami in ta tashi da asuba, daga baya suka kumbura, har ta koma yin sallah a zaune. An kira wanzami ya yi ƙaho, an shafa man da aka zo da shi daga Makka, an ɗaura wannan an jiƙa wancan. Ciwo yana nan inda yake.

Ranar da abin ya fito fili, wata tsohuwa ce ta rasu a Ƙofar Kaura. Mota ta kawo Inna Ma'u, ta durƙusa da ƙyar tana cije leɓe. Ana tsakiyar wanka gwiwar dama ta riƙe kamar an soka mata basilla. Ta kasa juya gawar. Ta miƙa hannu, Rabi ta ja, ta sake ja, sai ga su duka biyun sun tafi luu za su faɗa kan mamaciya. Sai da mata huɗu suka shigo suka ciccibe ta. Wata ce ta ƙarasa wankan. A mota Inna Ma'u ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka har gida, don kunya irin wannan ba ta taɓa jin ta ba.

Abin da ya fi damunta ma ba kunyar ba ce. Da Rabi ta ja hannunta, ta ji babu ƙarfi a hannun Rabi ko kaɗan. Ta kuwa san dalili. Shekara biyu da suka wuce wani ciwo ya ci nonon Rabi na hagu, likita ya yanke shi. Rabi ta ɓoye maganar, har 'ya'yanta ce musu ta yi ƙurji ne aka fasa. Ban da ma'aikatan asibiti, Ma'u kaɗai ta ga wurin. Yanzu ciwon ya dawo.

Bayan mako guda ta je duba ta, ta same ta kwance.

"Ma'u," in ji Rabi, "ni kau na ga hanya. Likita ya ce a maido ni gida, kin san mi ke nan. To da wace gwiwa za ki wanke ni?"

"Ki bar wanga zance, don Allah."

"Ba ni bari. Ba ni son hannun da zai fita ya ba da labarin jikina a gidan biki. Ke kika ɗauki alkawari, ba motar ɗanki ba."

Akwai wata nas mai suna Martha, 'yar Kagoro, da ke zaune a Kambarawa, ita ke zuwa yi wa Rabi allura. Tana bakin gado tana dafa sirinji a risho, ta ji duk abin da aka ce. Da ta gama aikinta sai ta tsuguna ta tattaɓa gwiwoyin Inna Ma'u.

"Mama, ƙaho ba zai yi maki komai ba," ta ce. "Jaki ne aka labta wa kaya fiye da ƙarfinsa. A rage kayan, a kuma ƙarfafa jakin."

Ta zauna ta yi mata bayani dalla-dalla. Tafiya da sassafe, a hankali, a kan ƙasa ba kan kwalta ba, da zarar ciwo ya ƙaru ta juyo. Ba sauri, ba hawa bene. In ta dawo ta zauna a bakin gado, ta miƙe ƙafa ɗaya ta ƙirga goma ta sauke, ta yi wa ɗayar, sannan ta gasa da ruwan ɗumi. Abinci kuwa ta koma wa abin da uwarta ta raine ta da shi: malmalar tuwo ɗaya da miyar kuka ba mai da yawa, zogale, rama, wake, fura ba sukari. Lemon kwalba ta yi sallama da shi. "Amma kada ki kashe kanki da yunwa, Mama. Yunwa ba magani ba ce."

Ranar farko Inna Ma'u ta kai itacen bedi na uku daga ƙofar gida, ta dafa shi tana haki. A mako na biyu zuciya ta ɗebe ta, ta tuna yadda Rabi ke ƙarewa, ta ce yau sai Ƙofar Kaura. Ba ta yi rabi ba gwiwa ta haye, aka kwaso ta, ta yi kwana biyar a kwance. Martha ta zo ta yi mata faɗa kamar ita ta haife ta. "Sauri ya haifi nawa, Mama. Ga shi kin yi asarar kwana biyar." Daga ranar ta bi doka: kowane kwana uku ta ƙara itace ɗaya.

Sai kuma bakin mutane. A Katsinar wancan zamani, uwar mai mota ba ta tafiya a ƙasa sai in wani abu ya faru. Duk motar da ta wuce sai ta ci birki: "Subhanallahi, Hajiya, lafiya? Shigo in kai ki." Wata maƙwabciya ta aiko da langar shinkafa da kaza, wai ta ji an ce Hajiya ta koma cin ganye. Kafin wata ya ƙare zance ya zaga gari, wasu na cewa Alhaji Sani ya karye, wasu na cewa matarsa ce ke horar da tsohuwa da yunwa. Baiwar Allah matar, ita da ke kuka in an dawo mata da kwano ba a taɓa ba.

Sani ya shigo ɗakin uwarsa ya zauna a ƙasa, idonsa ya yi ja.

"Hajiya, mi na yi maki? Zogale, a gidana? Ina shiga masallaci ana kallona. In wani abu ne na gaza, ki faɗa mani."

Tausayinsa ya kama ta, amma sirrin Rabi ba nata ba ne balle ta buɗe.

"Sani, ka cika ɗa, Allah shi yi maka albarka. Sai dai da ka zo ɗauke mani wahala ka haɗa har da ƙafafuna. Akwai alkawari a wuyana, kuma a durƙushe ake cika shi. Ka bar ni in yi tafiyata."

Bai fahimta duka ba, amma bai iya yi mata musu. Abin da ya roƙa ɗaya ne, mota ta riƙa bin ta. Haka aka yi ta ganinsu kullum da safe: tsohuwa a gaba da sanda tana taku ɗaiɗai, Fijo sabuwa fil a bayanta tana rarrafe, Idi na gyangyaɗi a kan sitiyari. Mutane suka yi dariya har suka gaji suka bari.

Wata huɗu, zanenta ya fara zagayowa da saura. Wata shida, ta isa ƙofar gidan Rabi da ƙafarta, ta jingina sanda a zaure. Daga nan kullum can take yini. Takan shimfiɗa tabarma a gaban gadon, ta durƙusa a hankali, Rabi na kallo daga kan matashi.

"Daɗe kaɗan," Rabi kan ce. "Ki tsaya. Wanka ba ya ƙarewa da wuri haka."

"Ke dai ba ki da tausayi."

"Tashi in gani."

Nan ne gizo ke saƙa. Durƙuson ya samu, har ta koma kai goshinta ƙasa a sallah, ranar kuwa ta yi hawaye a kan buzu. Amma tashi sai ta rarrafa ta kama ƙafar gado ko bango. Rabi takan yi dariyar da ke ƙarewa da tari, ta ce, "Ki yi himma, Ma'u. Ke nike jira, kuma na fara gajiya."

Ranar wata Laraba a ƙarshen damina, Inna Ma'u ta iso da hantsi kamar kullum. Tun daga bakin lungu ta ga an shimfiɗa tabarmi a waje, maza na zaune shiru. Ba ta tambayi kowa ba. Ta yi salati, ta shiga.

Matan gida suka dube ta, suka dubi juna. Ba wadda ta manta da wancan wankan. Wata dattijuwa ta matso ta ce a hankali ko a kira wadda ta ƙarasa na rannan, ita Hajiya ta zauna a kujera ta riƙa nuna mata.

"A kawo magarya," in ji Inna Ma'u.

Ta sallami kowa sai Hauwa'u, babbar ɗiyar Rabi, wadda za ta zuba ruwa. Ta ce mata ta tsaya ta wajen ƙafafu. Ta lulluɓe aminiyarta da zane tun daga wuya, ta naɗe hannunta da ƙyalle, ta durƙusa. Gwiwoyin suka yi ƙara, suka ɗauka. Ta yi mata alwala, ta wanke dama, ta juya ta ta wanke hagu, hannunta na aiki ta ƙarƙashin zanen, ba abin da ya bayyana. Sau uku, na ƙarshe da kafur. Ta tsefe furfurar kan nan da ta sha yi wa kitso tun tana baƙa, ta gyara ta. Ciwo na hawa mata har ƙugu, gumi na ɗiga daga haɓarta, ba ta gaggauta ko wuri ɗaya ba. Ta sa likkafani ta ɗaure.

"Je ki ce wa maza an gama," ta ce wa Hauwa'u.

Hauwa'u ta ajiye ƙwaryar ta fita. Ɗakin ya rage daga ita sai Rabi.

"To, na cika," ta ce a hankali. "Ba wanda ya gani."

Sai ta miƙa hannun dama sama, ba tare da ta waiwaya ba, yadda ta saba shekara talatin. Hannun ya tsaya a sama. Ba wanda ya kama shi.

A nan ne kukan da ta danne tun daga bakin lungu ya ƙwace mata. Ta yi shi ba sauti, don ba a kuka a kan gawa. Daga waje ta ji ana sallama da makara. Ba gado kusa da ita, bango ma ya yi nisa. Ta sauke hannun ta dafa ƙasa, ta kafa ƙafar hagu, ta ce bismillahi, ta miƙe tsaye ita kaɗai, ta ɗaga wa maza labule.